Ina Ganuwar Anka Ta Tafi?

Mai karatu, in kana son sanin irin tashi da zaman da mutanen Zamfara suka sha a tarihi, ba sai ka buɗe littafi ba. Ka dai kasa kunne ranar da sarakunan jihar suka taru ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji an kira Sarkin Katsinan Gusau, alhali Katsina tana can gabas abinta. Za ka ji Sarkin Kiyawan Ƙauran Namoda, da Sarkin Ɓurmin Bakura, da Sarkin Mafaran Gummi, da Sarkin Dankon Bukkuyum. Sannan ga Sarkin Zamfara har guda biyu, ɗaya a Zurmi, ɗaya a Anka. Kusan kowace sarauta goye take da sunan wani wuri daban da inda mai ita yake zaune. Wasu yaƙi ne ya ba su sunan ƙasar da suka ci, wasu kuwa gudu ne ya fito da su daga gida. Mu da muka tashi muka tarar da Sarkin Kano a Kano, Sarkin Zazzau a Zariya, abin yana ɗaure mana kai da farko. Amma in mutum ya natsu zai ga dalili. Ranar da gari ya ci wuta ba mai iya naɗe ganuwa ya aza a ka. Sunan sarauta kuwa ba shi da nauyi, ko a guje ana tafiya da shi.

Daga cikin waɗannan sarautu, ta Anka ce ta fi kowace yin tafiya, ita ce kuma ta ja ni zuwa yammacin Zamfara a hunturun 2008, ni da wani abokina malamin makaranta, mutumin Gusau. Mun bar titin Sakkwato a mararrabar Mayanci muka miƙi hanyar Anka. A lokacin ba abin da matafiyi yake tsoro a wannan hanya sai ramuka da awaki.

Kafin mu shiga gari bari mu ɗan koma baya, don wanda bai san abin da ya kawo sarakunan Zamfara Anka ba, ko ya ga ganuwar ba zai san abin da ya gani ba.

Ruwayar Zamfarawa ta ce a Dutsi suka fara sarauta, can wajen Zurmi, inda har ake nuna wasu dogayen kaburbura ana cewa na sarakunan farko ne. Daga nan suka gina Birnin Zamfara, wanda kufansa yake kusa da Isa a cikin jihar Sakkwato. Daula ce mai ƙarfin gaske a ƙarni na 17 da farkon na 18. Tarihin Kano kansa bai ɓoye ba cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, Zamfarawa sun zo sun yi wa Kanawa kaye a fagen fama. To, a daidai wannan zamani ne Gobirawa suka riƙa gangarowa daga arewa, iyali bayan iyali, suna neman ƙasar noma da kiwo a kwarin gulbin Rima. Ba da takobi suka fara zuwa ba. Zamfara ta karɓe su hannu bibbiyu, har aka ƙulla aure: ruwaya ta ce Sarkin Gobir Babari ya ba Sarkin Zamfara Maroƙi 'yar'uwarsa Fara. Aka ba baƙi wurin zama a gonar alƙalin Zamfara, wurin da ya zama Alƙalawa. Wajejen 1762 Babari ya juyo ya ci Birnin Zamfara da yaƙi.

Daga wannan rana gidan sarautar Zamfara ya shiga yawo. An zauna a Kiyawa, an zauna a wasu garuruwan, kowanne na ɗan lokaci. Ɗan sarki Abarshi ma sai da ya ɗanɗana kurkukun Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo. Masu karatun tarihin jihadi za su tuna taron Babbar Salla da aka yi a Magami wajejen 1788, inda Bawa ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a maimakonta. Ɗaya daga ciki shi ne a saki fursunoni, kuma Abarshi yana cikin waɗanda suka shaƙi iskar 'yanci. Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, don haka ba baƙo ba ne a wurinsu. Shi ya sa da jama'arsa suka galabaita bayan yaƙin Tsuntsuwa, sai suka nufo Zamfara a 1805 suka sauka a Sabon Gari. Daga can aka tashi rundunar da ta ci Birnin Kebbi a watan Afrilun wannan shekara.

Amma fa zaman bai yi daɗi ba. Runduna mai yunwa ba ta san rumbun aboki ba. Mayaƙa suka riƙa faɗa wa garuruwan da suka ba su masauki suna kwasar hatsi, kuma abin burgewa shi ne shugabannin jihadin da kansu sun rubuta wannan laifi na mutanensu, ba su binne shi ba. Zamfarawa suka juya baya, aka koma yaƙi tsakanin aminan jiya. Ko da Alƙalawa ta faɗi a 1808 aka kashe Yunfa, ba a mayar wa Zamfarawa ƙasarsu ba. Gabashinta ya koma hannun Fulanin Alibawa, su Namoda da danginsa, kuma ta nan ne Zurmi ta samu nata Sarkin Zamfara. Tsohon gidan kuwa ya ci gaba da gangarawa kudu maso yamma, har zuriyar Abarshi suka yada zango a Anka kafin 1830. Wannan karon zaman ya ɗore.

Ka ga ke nan sarautar ta girmi garin nesa ba kusa ba. Wanda ya je Anka yana tsammanin ganuwar shekara 900 irin wadda aka ce Gijimasu ya fara a Kano, ya yi ɓatan kai. Ganuwar Anka katangar 'yan gudun hijira ce, mutanen da suka ga abin da ya sami babban birninsu, suka sha korar shekara sittin, suka zo bakin gulbin Zamfara suka ce nan kam ba inda za mu ƙara zuwa.

Mun shiga Anka da hantsi. Gari ne da tsohon tsarinsa bai ɓace ba: fada da masallaci a tsakiya, lunguna suna karkacewa su ɓulle inda ba ka zata ba, sunayen shiyyoyi kuma na masu sarauta ne, Galadima, Magaji, Ɗangaladima. Muka ajiye mota muka bi ƙafa zuwa bayan gari neman ganuwa. Mun daɗe muna kewaye ba mu ga komai ba sai wani dogon tudu mai kama da kunyar gona da ta yi ƙiba, awaki a kai, yara suna gangarowa a kan murfin jarka. Muka iske wani dattijo a gindin bedi yana tufkar igiya. Abokina ya yi sallama, muka durƙusa muka gaisa.

"Malam, mi kuka biɗa cikin rana haka?"

Na ce, "Baba, ganuwa muke nema."

Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna, ya yi dariya. "Ɗana, ai bisanta kake tsaye."

"To ina sauran, Baba?"

Ya nuna gidajen da ke bayanmu da haɓa. "Ta shiga gari. Wanga ɗaki da kaka gani, da wancan, duk ita ta. Ƙasa mai kyau wadda an ka riga an ka cuɗe, wa ka barin ta shi tai daji ɗibar wata?"

Na daɗe ina juya wannan magana. Mu 'yan boko mun saba cewa an "lalata" ganuwa, kamar wasu miyagu ne suka zo da dare suka rushe ta. Gaskiyar magana, ganuwar ƙasa ba sai an rushe ta ba, a daina kula da ita kawai ya isa. Ga yadda ake yin ta: a haƙa ƙasa a gindin wurin, a kwaɓa da ruwa da ciyawa, a tattake, a mulmula tubali mai tsinin kai a shanya a rana, sannan a jera a bi da yaɓe. Gindinta faɗi gare shi ƙwarai, tana sirancewa tana hawa. Ta ciki akwai badala inda maharba suke tsayawa. Ramin da aka ɗebi ƙasar ba a cike shi, shi ne yake zama gwalalo ta waje, a dasa sarƙaƙiya a bakinsa yadda doki ba zai kusanto ba. Ƙofa kuwa zaure ne mai zurfi da ƙyaure mai nauyi, da sarkin ƙofa wanda yake rufewa da almuru ya buɗe da asuba. Duk wannan aiki damina ɗaya tak tana iya cin rabonta a ciki. Ruwa ya zaizaye kai, ya tsaga gefe, ya cike gwalalo da laka. Saboda haka kowace shekara in an kai amfani gida sai a yi shela, kowace unguwa da kowane ƙauye na ƙarƙashin gari ya fito ya gyara yankin da aka yanka masa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai ya hango ƙurar dawaki sannan ya ɗauko fartanya ya makara.

Kada kuma mu yi wa abin ado fiye da kima. Ba kowa ne yake fitowa da son ransa ba. Akwai bayi a cikin masu ɗaukar ƙasar nan, akwai talakan da dogari ya taso daga gonarsa. Sai dai ciniki ne wanda kowa ya san sharaɗinsa: ka ba gari guminka da rani, gari ya buɗe maka ƙofa ranar da aka buga gangar yaƙi, kai da iyalinka da bisashenka. Shi ya sa manyan birane irin su Kano da Katsina suka kewaye har da gonaki da kududdufai a cikin ganuwa, don in an yi zobe a samu abin ci da na sha da wurin saukar mutanen ƙauye. Tsawon ganuwa da kaurinta lissafi ne na yawan hannayen da sarki yake iya tarawa, da yawan mutanen da suka yarda zai kare su.

A nan ne nake son mu leƙa Turai kaɗan, don masu sha'awar yawon duniya suna yawan yi mana gori da tsofaffin biranen can. A kudancin Faransa akwai wani gari, Karkason, a kan tudu, ganuwa biyu ɗaya cikin ɗaya, tsawonsu ya kai kilomita 3, da hasumiya 52. Kewaye da shi gonakin inabi ne iya ganinka, don yankin ya shahara da giyar inabi. Mu dai ba ruwanmu da abin da ake matsewa, ganuwar ce ta dame mu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a tsakiyar ƙarni na 19 wannan ganuwa ta zama kango, talakawa sun gina ɗakuna a jikinta, magina suna ɓamɓarar duwatsunta, daidai da abin da dattijon Anka ya gaya mini. Har hukuma ta yanke shawarar a rushe ta, wasu masu kishin tarihi suka tashi tsaye suka hana. A 1853 wani magini mai suna Viollet-le-Duc ya fara gyara, aikin da ya ci shekaru da dama, aka ma zarge shi da ɗora wa hasumiyoyin rufi irin na arewacin ƙasar wanda ba nasu ba. A 1997 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Wato abin da baƙi suke tururuwar gani a can, gyaran jiya-jiya ne a kan tsohon gini.

Ka riƙe shekarar nan ta 1853. A watan Maris ɗinta ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa gabashin Zamfara ta Zurmi a kan hanyarsa daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, cikin ayari mai tafiya a tsorace saboda harin Gobirawa. Lokacin da Faransawa suka fara gyaran tasu don kallo, tamu tana bakin aiki, ana rufe ƙofa da magariba don tsira da rai. Tasu dutse ce, ta jira shekara ɗari biyu ba mai kula da ita har masu gyara suka zo. Tamu ba ta da wannan haƙuri.

Duk birni mai ganuwa yana da abin da yake ci da shi a bayan ganuwar. Na Karkason inabi ne. Na wannan yanki kuwa sai ka bi gulbin Zamfara ka yi yamma sannan za ka gani. Kashegari muka tashi daga Anka muka bi ta Nasarawar Burƙullu, muka ratse muka leƙa Bukkuyum. Ba mu jima ba, amma sunan sarautarta ya isa ya tsayar da mutum: Danko tana kudu, a ƙasar Zuru, ga kuma sunanta a kan rawanin wani sarki a Zamfara. Wannan yanki bakin iyaka ne tun fil azal tsakanin Hausawa da Dakarkari da sauran mutanen duwatsun kudu, an yi ciniki, an yi aure, an kuma yi harin bayi. Muka dawo kan titi muka wuce Ɗaki Takwas, inda hanyar Zuru ta rabu, muka gangara Gummi.

Gummi kam ƙasar duma ce. In inabi yaɗo ne, duma ma yaɗo ne, sai dai namu a ƙasa yake rarrafe ya haifi abin da ya fi kan mutum girma. Tun kafin mu shiga gari muka fara cin karo da su a gefen hanya, an tsittsibe kamar ƙwan wata ƙatuwar tsuntsuwa. A cikin gari kuma ga masu fafa zaune a inuwa, wannan yana yanka, wancan yana kankare ciki, an kife wasu a rana. Mai karatu ɗan birni da ya tashi cikin roba, bari in tuna maka zuriyar duma: akwai ƙwarya ta fura da nono, akwai ƙoƙo, akwai ludayi, akwai gora da buta, akwai masaki wanda yaro zai iya kwanciya a ciki, akwai shantu na 'yan mata, akwai zunguru na lalle. Ga kiɗan ƙwarya na amada. Har sana'a guda aka yi ta ɗinke wadda ta fashe, ita ce ta gyartai. Na ga manyan motoci ana ɗora musu ƙore har sun fi motar tsawo, an ɗaure da raga, ga shi kayan ba nauyi sai girma. Bayan duma ga fadama: shinkafa da damina, rake da albasa da dankali da rani, kifi a gulbi. Wannan arziki shi ne abin da ake karewa, shi ne kuma abin da yake jawo mahara. Gari ba ya wahalar gina ganuwa a inda babu abin ɗauka.

Gummi ta fitar da mutane kamar yadda ta fitar da ƙwarya. Nan aka haifi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992, Allah Ya jiƙansa. A 2013 kuma Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya ajiye kujerar Babban Alƙalin Abuja ya dawo gida aka naɗa shi sarki. Shi kuwa gulbin da yake ciyar da garin ba kullum yake da kirki ba. A Agustan 2024 ambaliya ta kwantar da gidaje masu yawa a Gummi, a Satumba kuma kwalekwale ya kife da manoma masu tsallakawa zuwa gonakinsu, aka yi asarar rayuka da dama.

Wani abin da na lura da shi a wannan hanya, wanda daga baya na gane ya fi duk abin da na gani muhimmanci, shi ne allunan sunayen garuruwa. Akwai masu "birni": Sabon Birni a ƙasar Anka, Birnin Tudu da Birnin Magaji a ƙasar Gummi. Birni a Hausa ba yawan jama'a yake nufi ba, gari mai ganuwa ne ko da ƙarami ne. Sannan akwai masu "tunga", ba su ƙirguwa: Tungar wane, Tungar wane. Tunga 'yan gidaje ne a bakin gona, ba katanga, ba gwalalo, sai dangar kara. A zamanin yaƙe-yaƙe mutum ba ya kwana a irin wannan wuri da iyalinsa sai in ya gaji da su.

Abin da ya cika daji da tunga shi ne abin da ya kashe ganuwa. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, kuma Kano ta nuna wa kowa cewa ƙyauren ƙofa ba ya tsaya wa igwa. Aka hana yaƙi tsakanin garuruwa, aka hana harin bayi. Talaka ya duba ya ga ba dalilin ya riƙa tafiyar awa biyu zuwa gona ya dawo kafin a rufe ƙofa, sai ya ɗauki iyalinsa ya koma bakin gonar. Sarkin Zamfaran Anka ya zama hakimi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, aikinsa tara haraji da jangali, guminsa da na talakawansa ya koma kan hanyar mota. Ba wanda ya sake yin shelar gyaran ganuwa. Aka canza ciniki: a da gumi kake bayarwa a kare ka, yanzu haraji kake biya hukuma ta kare ka a duk inda kake. Shekara kusan ɗari wannan sabon ciniki yana tafiya, ko da da ɗingishi.

A cikin wannan zaman lafiya ne wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zauna a ƙasar Anka a shekarun 1950, ya tattara jerin sarakuna da labaransu daga bakin dattawa, ya buga littafin tarihin Zamfara a Balin a 1959. Cikin Jamusanci ya rubuta, harshen da jikokin waɗanda suka ba shi labarin kaɗan ne za su iya karantawa. Sai a 1977 Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello kan tashin daular Zamfara da faɗuwarta. Ran 1 ga Oktoban 1996 sunan ya dawo kan taswira a matsayin jiha. Gusau ta samu gidan gwamnati, Anka kuma aka ba ta girman shekarunta, sarkinta ya zama shugaban majalisar sarakuna.

Shekara biyu bayan tafiyarmu bala'i na farko ya faɗo, ta hanyar da ko ganuwar Karkason ba za ta tare shi ba, don a buhu aka shigo da shi gida. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, manoma suka koma haƙa. Suna kawo duwatsun cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin, mata suna aiki yara suna rarrafe a gefe. Ashe dutsen cike yake da dalma. A 2010 ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, MSF, ta gano yara suna suma suna mutuwa a 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, da Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka sha magani. Maganin garuruwan kansu shi ne a kankare ƙasar tsakar gida da ta lungu, a kwashe a binne, a zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai 2013 aka kai gare ta.

Na biyun kuwa irin wanda aka san ganuwa da shi ne, sai dai babur ya maye gurbin doki. Rikicin da ya faro da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ya rikiɗe ya zama sana'a: a sace mutum a nemi fansa, a ɗora wa ƙauye haraji kafin ya yi shuka, a sake ɗora masa kafin ya girbe. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, ba a ɗage ba sai Disambar 2024, amma harbi bai tsaya ba. A makon farko na Janairun 2022 mahara suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana da kwanaki. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin da suka yi jana'iza suka ce sun kai 200. Ka duba sunayen wuraren da ake ambata a irin waɗannan labarai, za ka ga yawancinsu ƙananan ƙauyuka ne da tungaye, waɗanda kakanninsu suka fito daga bayan katanga saboda an yi musu alkawarin ba sa bukatarta.

To ina za su? Inda kakanninsu suke zuwa in an buga ganga. Suka ɗauko tabarmi da tukwane da 'yan awakin da suka rage suka nufi Anka, da Gummi, da Bukkuyum. Wasu garuruwa a Zamfara da Katsina har sun koma haƙa rami suna kewaye kansu, a bar mashiga ɗaya ko biyu da 'yan sintiri a baki. Gwalalo ke nan da sarkin ƙofa, ko da ba a kira su da sunan ba. A Anka babu ƙofar da za a buɗe wa kowa, don ƙasar da aka yi ta da ita ta daɗe da zama ɗakunan mutane. Akwai dai wani fili da aka fara gina wa Sarkin Zamfara sabuwar fada ba a gama ba. Nan aka sauke masu gudun. A 2019 ma'aikatan MSF, waɗanda dalma ce ta kawo su garin tun farko, sun riƙa duba yara masu tamowa da zazzaɓi a cikin wannan gini, iyalai sun rarraba ɗakunan da ba ƙyaure, waɗanda ba su samu ba sun kafa rumfunan leda da kara a tsakar fili.